Alƙalamin da Ya Sha Ruwan Rini

Alƙalamin na marigayi Abdullahi ne, wan Gwadabe, wanda ya yi aikin akawu a wani kamfanin gyaɗa a Bompai tun zamanin da ake tara buhuna su yi tsiri a bakin titin jirgi. Baƙi ne mai kauri, bakinsa na zinariya, irin alƙaluman Ingila na da waɗanda ba a tsoma su a tawada kowane layi, sai dai a shayar da su su ƙoshi, su yi ta rubutu har cikinsu ya ƙare. A gindinsa akwai ɗan murfi. In an kwance murfin sai a ga maɓalli na ƙarfe. Akan tsoma bakin a kwalba, a danna maɓallin, kumfa ta taso, a saki, a ɗan jira. Iyakar abin da Gwadabe ya sani game da shi ke nan, domin shi bai yi boko ba. Da wansa ya rasu ya naɗe alƙalamin a tsumma ya sa a adaka, bai sake fito da shi ba sai ranar da 'yarsa Zuwaira ta sami shiga makarantar horon malamai ta mata, ta jeka-ka-dawo, inda ba a yarda ɗaliba ta yi rubutu da biro ba, wai wadda za ta koya wa yara rubutu dole hannunta ya horu.

Zuwaira sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta gatsau ba. Uwata yake ce mata, ko a gaban baƙi. Duk shekarunta na makarantar nan da alƙalamin ta yi su. Da shi ta kwafi darussa, da shi ta rubuta shirin koyarwa lokacin da aka tura su gwaji a firamare, har ya zama in ta manta shi a gida sai ta wuni kamar wadda ta fito ba takalmi.

Shi kuwa Gwadabe a ɗakin rini na wata masaƙa yake aiki a Challawa, gidansa a Panshekara, tafiyar keke ba nisa. Ubansa marini ne, a bakin karofi ya tashi, kuma da masaƙun zamani suka zo sai ya bi shuɗi daga rami zuwa tukunyar ƙarfe, bai ga wani bambanci mai yawa ba in banda ƙarar inji da warin soda. Mutum ne mai wadatar zuci. Yana da aikinsa da kekensa, da matarsa Ladidi wadda ba ta da yawan ƙorafi, ga 'ya ta kusa zama malama. In ya zauna bayan la'asar ya duba, ba ya ganin abin da ya rasa.

A shekararta ta ƙarshe aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Kayan waje suka ɗauke a kasuwa, sabulu da madara, har da tawadar kwalba. Gwadabe ya zagaya shagunan littattafai na Sabon Gari, kowa ya ce masa ya dawo wani makon. Zuwaira ta riƙa ƙara ruwa a kwalbarta, tana ƙarawa, har rubutunta ya koma kamar inuwar rubutu.

Yana tsaye a kan tukunyar shuɗi wata rana, ana shirin buɗe mata ta tsiyaye cikin kwata, tunanin ya zo masa. Ga ruwa mai launi ana zubarwa kullum, ga 'yarsa tana rubutu da abin da ya fi kusa da ruwan randa. Abin da yake kama yadi ya jure wanki shekara da shekaru, ta yaya zai kasa kama takarda? Bai ɗauka a ɓoye ba, domin ba halinsa ba ne. Ya tambayi shugaban ɗakin, aka ce masa ai na zubarwa ne, ya ɗiba. Ya tace shi da ƙyallen yadi mai laushi har ya tabbatar babu tsaki ko ɗaya, ya cika 'yar kwalba ya toshe ta da kyau.

Da ya isa gida ya ce, "Uwata, kawo alƙalaminki."

"Kun samo tawadar, Baba?"

"Na samo wadda ta fi ta."

Ta buɗe kwalbar ta sunsuna, ta yamutsa fuska. "Wannan ai warin rigarku ne."

"Gwada dai."

Ta tsoma bakin alƙalamin, ta danna maɓallin, ta saki. Ta rubuta sunanta a bayan wani tsohon littafi. Rubutun ya fito kore-kore, kamar ruwan dafaffen ganye, da ƙyar ake ganinsa.

"Baba, ba ya fita."

"Ki ba shi iska."

Suna kallo, haruffan suka fara juyawa. Koren ya yi duhu, ya dushe, shuɗi ya taso daga cikinsa, irin shuɗin da Gwadabe ya saba gani in an tsamo yadi daga tukunya an shanya. Zuwaira ta sake rubuta sunan, don kawai ta ga abin ya sake faruwa.

Ladidi ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, yanzu har takarda za ka fara rina mana? To ka ajiye min nawa, zanina na zuwa biki ya koɗe."

Makonnin da suka biyo baya Gwadabe ya ji daɗinsu ƙwarai. Zuwaira ta ce 'yan ajinsu sukan taru a kanta su kalli rubutun yana canza launi, wata malama ma ta tambaye ta inda ake sayar da irinta. Yakan kawo sabon ruwan rini duk lokacin da na kwalbar ya fara yin duhu. A ransa yana ganin sana'ar ubansa ta shiga aji, ta zauna a kan benci tare da boko, kuma ba ta ji kunya ba. Akwai kuskuren da sakaci yake jawowa, wannan kam, mutum yakan yi tsammaninsa. Nasa kuwa daga abin da ya fi sani a duniya ya fito, shi ya sa bai ga zuwansa ba.

Da farko rubutun ne ya fara yankewa a tsakiyar kalma, sai ta girgiza alƙalamin ya ci gaba. Daga baya girgizar ta daina amfani. Wata safiya ta danna maɓallin ya shige ciki bai dawo ba, kumfa ba ta taso ba, kuma da ta duba tafin hannunta sai ta ga shuɗi yana tsattsafowa ta ƙarƙashin murfin gindin. Jarrabawar fita kuwa ta matso, an riga an kafa ranakunta a allon sanarwa.

Ta aro wani alƙalamin wajen ƙawarta Atika. Da yamma Gwadabe yana gyara sarƙar kekensa a tsakar gida ya ji tana gaya wa uwarta a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, cewa na aron yana kartar takarda, sai ta miƙar da hannu yadda ba ta saba ba kafin ya rubuta, wuyan hannunta ya yi tsami, kuma a gwajin da aka yi musu ranar lokaci ya ƙare mata ba ta kai tambayar ƙarshe ba. Da ta fito ta gan shi sai ta ce, "Ba komai, Baba. Tsufa ne ya kama shi, ai ya girme ni." Ya san ta san ba tsufa ba ne. Da ta yi fushi da abin ya fi zo masa da sauƙi.

A makon yana aikin rana, safiyarsa tasa ce. Ya naɗe alƙalamin a tsumma ya hau keke, ya ratsa Sharada tsakanin manyan motocin da ke jiran lodi, ya bi gefen ganuwa, ya tsallake titin jirgi ya shiga Bompai. A can, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro daura da kamfanin alewa, Malam Isyaku yake da tebur. Bazazzage ne, yana gyaran agogo da tabarau da alƙalami, akawunan kamfanonin wajen duk abokan cinikinsa ne. Sun san juna tun Abdullahi yana da rai.

Isyaku ya ɗago kai ya ce, "Yau Bakano ya tuna da ubangidansa. Gaisuwa ka kawo, ko ɓatan hanya ka yi?"

"Na zo in ga ko kana nan da rai. An ce tsaki ya yi tsada, na ce to Zagezagi sun shiga uku, babu fate."

"Zauna a ƙasa, nan ne wurinka."

Gwadabe ya zauna a benci ya kwance tsumman. Isyaku na ganin alƙalamin ya daina wasa. Ya juya shi a hannu ya ce, "Na Abdullahi. Allah Ya jiƙansa. Ni na sa masa robarsa ta ƙarshe." Ya aika aka karɓo masa ruwan ɗumi wajen mai shayi, ya tsoma wuyan alƙalamin a ciki na ɗan lokaci, ya naɗa tsinken robar taya don kada ya zame, ya murɗa a hankali har ya kwance. Da wani siririn ƙarfe ya zaƙulo abin da ke ciki: wani curi mai danƙo, baƙi-baƙi shuɗi-shuɗi, da wani falalen ƙarfe da tsatsa ta cinye har ya karye biyu.

"Me kuka ba shi ya sha?"

Gwadabe ya share murya. "Shuɗi."

"Wane shuɗin?"

"Namu. Na tukunya."

Isyaku ya cire gilashin da ke maƙale a idonsa ya ajiye a tebur. "Da sodarsa da komai?"

"Ai ba ya narkewa sai da soda."

Kafaɗun Isyaku suka yi ta rawa, dariyar ba ta fito da sauti ba. Da ya nutsu ya ce, "A teburin nan na ga wanda ya ɗura tawadar allo mai ƙaro, ta daskare a ciki kamar dutse. Na ga wanda ya jiƙa bula ta wanki. Amma ruwan rini sai da na jira Bakano."

"Ka gama? Yarinya jarrabawa gare ta."

"Na gama. Matso ka ga abin da ka yi."

Ya jawo akwatin teburinsa, cike yake da matattun alƙaluma, wasu ba murfi, wasu ba baki. Ya ce duk alƙalamin da ka gani a nan, ba ya shan tawada sai ya fara fitar da iskar da ke cikinsa, bambancinsu kawai yadda kowa yake korar iskar. Na Abdullahi 'yar jakar roba ce a cikinsa, kamar ƙaramar salka. In an danna maɓallin, falalen ƙarfen nan ya lanƙwashe ya matse ta, kumfar da ake gani ke nan. In an saki, robar ta buɗe da kanta ta zuƙo tawada, yadda ƙahon wanzami yake zuƙa. Ya ɗauko wani mai ɗan ƙarfe kwance a gefensa, ya ɗaga shi da farce, ya ce wannan ma salkar ce, ta gefe kawai ake matse ta. Ya nuna masa na ƙasar Sin wanda ake buɗe shi a matse robar da yatsa, da na Jamus wanda babu roba ko kaɗan, gindinsa ake murɗawa wani abu ya sauka ya hau a ciki kamar famfon keke. Har da na yayi ya nuna masa, mai 'yar kwalbar leda kamar harsashi, in ta ƙare a jefar a sa wata, ya ce wannan kam bai ɗauke shi alƙalami ba.

Sannan ya zare bakin zinariyar, ya nuna masa wani baƙin abu da ke kwance a ƙarƙashinsa, mai tsaga siririya kamar gashi. "Ta nan tawada take sauka, ta nan kuma iska take hawa ta cike gurbinta. Hanya ɗaya ce, suna kauce wa juna. To gaya min, kai da ka fi ni sani. Shuɗinku in ya haɗu da iska me yake zama?"

Gwadabe ya dubi tsagar. Ta toshe ƙam da shuɗin gari. Amsar kuwa tun yana yaro ya san ta. A tukunya ruwa ne, in ya sha iska ya koma gari, shi ya sa yake zama a cikin zare wanki ba ya fitar da shi. Juyawar launin nan da suka yi ta sha'awa a kan takarda, ita ce take faruwa a maƙogwaron alƙalamin kullum, kaɗan-kaɗan, sodar kuma tana cin robar da ƙarfen daga ciki.

Ya ce, "Sa masa sabuwar roba."

"Tun bara rabona da ganin sabuwa."

"Robar bakin tayar keke fa?"

"Ta yi siriri, ba za ta ɗauki tawadar shafi ɗaya ba."

"Muna da safar hannu ta roba a wurin aiki. In aka yanko yatsa ɗaya?"

"Za ta matsu, amma ba za ta buɗe da kanta ba. Robar da ba ta dawowa ba ta zuƙa." Isyaku ya ɗauko na ƙasar Sin ya ajiye a gabansa. "Kai mata wannan. Lafiyarsa ƙalau."

Gwadabe ya gaya masa abin da ya ji tana faɗa wa uwarta. Isyaku ya mayar da gilashinsa ido, ya ɗaga bakin zinariyar wajen haske, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Gaskiyarta. Kan ya ci gefe ɗaya. Abdullahi ne ya fara, ita ta ƙarasa. Tana karkata hannu in tana rubutu, ko? To wannan bakin ya koyi hannunta, hannunta ya koye shi. Wani alƙalamin sai ta yi wata da watanni kafin su saba." Ya gwada bakin a jikin na Jamus, ya yi masa girma. Ya gwada a wasu, babu wanda ya karɓe shi.

"Saura hanya ɗaya," in ji Isyaku, "ita ce ta kakannin alƙaluman nan duka. A cire maɓallin, a toshe ramin gindin, a bar cikin fayau. Gangar jikin ita ce za ta zama kwalbar. Ba zai ƙara sha da kansa ba, sai an kwance wuyansa an ɗura masa. Kuma toshewar da za ta riƙe ruwa ba ta ciruwa. Ko gobe jirgi ya sauke roba a Kano, ya rabu da maɓalli ke nan. Sannan yana da wani hali da sai an iya da shi."

Gwadabe ya buɗe baki zai ce a yi, sai ya fasa. Da irin wannan saurin ya cika 'yar kwalbar ran nan. Ya ce, "Ba nawa ba ne. Zan kawo mai shi."

"Allah Ya sa Kanawa su ji wannan. Bar min bakin in jiƙa shi."

Ranar Asabar suka zo tare a bas. Zuwaira ta durƙusa ta gaida Isyaku, shi kuma ya ce, "Sannu da zuwa, Malama. Ke ce kika bari wannan mutumin ya yi wa alƙalami rini?"

"Tare muka yi, Baba Isyaku. Ni ma na ji daɗin launin."

"To ba ki da maraba da shi."

Ya riga ya wanke bakin, ya share tsagar da wani ɗan falalen tagulla na cikin agogo har haske yana ratsa ta. Ya mayar da shi a wuyan, ya tsoma a tawada ya miƙa mata da takarda. Ta karkata hannu ta ja layi, ta rubuta kalma biyu, Gwadabe ya ga kafaɗunta sun sauka. Isyaku ya maimaita mata abin da ya gaya wa ubanta, bai rage komai ba. Ta tambaye shi ko zai zuba a jaka. Ya ce in an murɗa wuyan da kyau ba zai zuba ba. Ta tambaya cikinsa zai kai ta ina. Ya ce ya fi na da nesa ba kusa ba, domin wurin da roba da ƙarfe suka tare duk zai zama na tawada. Ta ce wane hali ne kuma sai an iya da shi?

"In tawada ta yi ƙasa, iska ta yi yawa a ciki. Hannunki yana da zafi, garin ma yana da zafi. Iskar ta kumbura, ba ta da mafita, sai ta turo tawada. Kina cikin rubutu ki ga ɗigo ya faɗo a takarda."

Zuwaira ta dubi alƙalamin, ta dubi na ƙasar Sin da ke gefe. Gwadabe ya kawar da kai yana kallon motocin da ke shiga kamfanin alewa, don kada ta karanta wani abu a fuskarsa. Can ta ce, "A yi. Amma a ba ni maɓallin in ajiye."

Isyaku ya feƙe wani guntun ƙotar buroshin haƙori daidai ramin, ya shafa masa gam ya cusa, ya narkar da kakin zuma ya bi ta kai, ya mayar da ɗan murfin gindin, ba mai cewa an taɓa wani abu. Suka zauna jiran ya kama, yana ba su labarin wani akawu da yake kawo agogonsa gyara duk ranar da ya makara, don ya sami abin nuna wa manaja. Da ya tabbatar ya bushe ya gwada da ruwa, bai tsattsafo ba. Ya shafa kaki kaɗan a zaren wuyan. Ya ɗauko abin ɗiga maganin ido wanda ya wanke, da wata babbar kwalbar tawada da ya daɗe yana tarawa daga ofisoshin da suka koma biro, ya nuna mata yadda za ta ɗiga har ƙasa da zaren kaɗan, ta murɗa wuyan bakin yana kallon sama. Ya ce kullum ta fita da shi a cike, kuma kafin ta fara rubutu ta dunƙule shi a hannu, bakin sama, gwargwadon karanta Fatiha, iskar ta yi kumburinta ta fita ta sama tun ba ta sami abin turowa ba. Ya cika mata kwalbarta.

"In ta ƙare ki dawo nan. Kada ki tambayi marini."

Washegari da azahar, rana tana tsakiyar zafinta na bazara, Zuwaira ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki ta ce za ta rubuta har ya nuna halin nasa, gara ta gani a gida. Gwadabe ya zauna nesa kaɗan yana gyaran wani tsohon kwando da ba ya bukatar gyara. Ta yi ta rubutu, shafi yana bin shafi, hannunta yana gudu yadda ya saba. An daɗe, har ya fara tsammanin Isyaku tsoratar da su kawai ya yi, sai ya ji ta ja numfashi. Ɗigo ya faɗo a tsakiyar shafin, ya baje ya cinye kalma uku.

A ransa Gwadabe ya hango ɗigon nan a kan takardar jarrabawa, ya ga baƙon malamin da zai duba ta a wani gari, wanda bai san Zuwaira ba, bai san komai ba sai ƙazantar da ke gabansa. Ita kuwa ba ɗigon take kallo ba, layukan da suka gabace shi take bi da yatsa.

"Baba, ku duba. Kafin ya zubar sai da ya yi gargaɗi. Daga nan rubutun ya fara kauri, ga shi nan, ya fi na sama jiƙa. Ni ce ban kula ba."

Ba ta ƙara masa tawada ba. Ta ci gaba da shi a haka da gangan, idonta a kan kaurin layin. Da ya fara nauyi ta ɗaga bakin sama, ta taɓa shi da takardar tsane tawada, ta jira kaɗan, ta ci gaba. Har aka kira la'asar wani ɗigon bai sake faɗowa ba.

Ranar da aka fara jarrabawar yana aikin safe. Ya tsaya a kan tukunya yana kallon yadi yana shiga yana fita, hankalinsa yana wani ɗaki mai rufin kwano da bai taɓa shiga ba, yana auna zafin da ke cikinsa da wanda yake ji a wuyansa. Da aka tashi bai tsaya hirar bakin ƙofa ba. Ya iske ba ta dawo ba, ya fito da tabarma soro ya zauna inda yake hango titi.

Sai bayan la'asar ta sauko daga bas. Ya yi ƙoƙarin gane wani abu daga tafiyarta, bai gane ba, tafiyar mai gajiya ce kawai. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Uwata, yaya aka ƙare?"

"Lafiya lau, Baba. Ta safe da ta rana duk na kai ƙarshe, har na sami lokacin sake dubawa. Da ciki ɗaya ya yi su. Atika sai da ta ɗaga hannu aka ba ta izini ta je gaban aji shayar da nata, ni ban tashi ba."

"Bai zubar ba?"

"Ya so. Ana tsakiyar ta rana na ga ya fara kauri, sai na ɗaga shi na riƙe, na yi kamar ina tunani." Ta yi murmushi. "Da ma tambayar tana bukatar tunanin."

Gwadabe ya ce alhamdu lillahi, a hankali, ya sake faɗa. Ita kuwa ta riga ta wuce zancen alƙalami. Tana cire takalmi tana ba shi labarin wata tambaya a kan yadda ake koya wa 'yan aji ɗaya raba lamba, wadda ta ce ko wanda ya rubuta ta bai taɓa tsayawa gaban yara ba, ga shi gobe tarihi ne, ba ta gama bitar sarakunan Borno ba. Daga ciki Ladidi ta ce in ba su shigo ba ɗanwaken zai sandare, kuma ba za ta sake dafa wani ba. Ya naɗe tabarmar ya bi bayan 'yarsa, tana tafe tana jera masa sunayen sarakunan, yana gyaɗa kai kamar ya san su.